Wutsiyar Jirgin Saje Phin

Ranar bikin roka, duk wani mai ƙafa a Nong Takai yana bakin fadama yana kallon gororin da ake harbawa sama don roƙon ruwa. Aka bar wat ɗin garin, wato gidan ibadarsu na addinin Buddha, ba kowa sai karnuka da Baba Liam, tsohon da ke shararsa. Da yamma Luang Pho Kham, babban malamin wurin, ya dawo ya tarar da ƙofar rumfar jirgi a hangame. Ya leƙa, ya ga ƙafafun Baba Liam sun fito daga ƙarƙashin ƙarafa, jini ya bushe a bayan kunnensa. Yana numfashi, amma ko an kira shi ba ya amsawa.

Sai bayan an wuce da shi asibitin lardi aka lura da sauran ɓarnar. An yanke yadin wutsiyar jirgin, faɗin faranti. Hoton da ke rataye a bango kuma babu shi, sai ƙusa.

Jirgin nan ƙwarangwal ne kawai: ƙarafan jiki, fukafukai hawa biyu a jingine da bango, farfelar katako da ta karye, da murfin injin. Amma garin ba shi da dukiyar da ta fi shi. Kowane yaro ya san labarin tun yana goye. A shekarar annobar amai da gudawa, Saje Phin, ɗan garin da ya zama matuƙin jirgin soja, ya ɗauko magani daga birni, ya faɗo a gonar shinkafa ya mutu, amma maganin ya tsira, mutane suka rayu. Da sunansa ake kiran makarantar garin. Mata masu ciki kan ɗaura wa farfelar furanni.

Kafin rana ta faɗi, bakin jama'a ya riga ya tsaya a kan mutum ɗaya: Binh mai walda.

* * *

Washegari Manjo Prayun ya sauka daga motar haya da akwatin kwano a hannu. Ya yi aikin soja yana karanta hotunan da ake ɗauka daga sama, da ya yi ritaya sai ya koma bin sawun tsofaffin jirage. Inda wani zai ga hoto mai dishi-dishi, shi yakan ga faci a fiffike ko lanƙwasar ƙarfe, ya ce wannan jirgin shi ne wancan. Luang Pho ne ya gayyato shi tun watan jiya, domin lardi na son gina wa jirgin zaure, kuma sun ce sai an tabbatar da tarihinsa.

A rumfar ya tarar da Sufeto Decha, wani kakkauran mutum da gumi ya jiƙa wa wuyan riga.

«Manjo, ka zo a makare,» in ji Sufeto. «Abin da za ka duba an yanke shi.»

«Me ke wurin?»

«Lamba, wai. Dattawan da sun shafe wutsiyar da farar ƙasa tun kafin a haife ni. Da ta fara ɓamɓarewa sai mai waldar nan ya ce ya hango rubutu a ƙasa. Da mutanen garin sun ji tun farko, da sun lashe ta da harshe don su buga caca da ita.»

Manjo bai yi dariya ba. Ya durƙusa ya bi bakin yankan da ido. An yi shi a natse, layi a miƙe, ba aikin mai tsoro ba. Ya zagaya jirgin. A gefen hagu na murfin injin ya ga wani faci mai kusurwa uku, a karkace, an ɗinke shi da ƙusoshi. Ya daɗe yana shafa shi da yatsa. Daga nan ya kwanta rigingine ya shiga ƙarƙashin jirgin, ya ga jerin ramuka a ƙarfen ciki, biyu-biyu. Da ya fito fuskarsa ta canza.

«Sufeto, in kai ɓarawo ne, me za ka ɗauka a nan?»

«Farfela mana. Wani dillalin kayan tarihi daga Bangkok ya taɓa zuwa yana lallashin Luang Pho a kanta.»

«To ga ta nan, ko furenta ba a taɓa ba.»

Sufeto ya share wuya. «Ni dai abin da na sani, an ga Binh yana auna jirgin nan sau da yawa, kuma ba a gan shi a fadama ba. In ban kama shi ba, su za su kama shi.»

* * *

Shagon Binh yana bakin kasuwa. Samari sun yi cirko-cirko a gabansa, wani ya riga ya jefi allon sunan da laka. Manjo ya ratsa su ya shiga. Binh na zaune a kan tukunyar gas, matarsa ta tura yara ɗakin baya.

«Sannu da aiki, Malam Binh.»

«Wane aiki, Kawu? Tun safe ko ƙarfe ɗaya ba a kawo ba. Jiya ni ne mai gyara musu garma, yau ni ne ɗan Biyetnam.» Ya yi tsaki. «A garin nan aka yanke mini cibiya. Ubana ne ya ƙetaro kogi, ba ni ba.»

«Me ya kai ka auna jirgin?»

«Su suka sa ni! Kwamitin wat ya ce in haɗa masa ƙafafun ƙarfe da za a ɗora shi. Zan yi ƙafa ban auna ba? Ko tela haka yake yi?»

«Jiya ina kake?»

«Ina nan. Ƙarar roka tana tayar wa tsohuwata hankali, tana tuna mata abin da ta gudo daga gare shi. Duk shekara haka nake zama da ita. Kowa ya sani, yau ne suka manta.»

«Lambar fa? Ka karanta ta?»

«Ina fa. Na dai ga kamar kan wani rubutu. Ban kankare ba, na ji tsoron a ce na ɓata.»

«Wa ka gaya wa?»

«Kwamiti kawai, a zamanmu. Luang Pho, da Dagaci, da Malam Sawai na makaranta, da Baba Liam. Baba Liam ne ya ba ni mamaki. Da na faɗa, sai ya ce, “To, a bar ta ta fito. Mun gaji.” Na ce mun gaji da me? Ya ɗauki tsintsiyarsa ya fita.»

Da Manjo ya fito, wani saurayi mai jan ƙyalle a ka ya tare shi. «Baba, me ɓarawon ya ce maka?»

«Ya ce garmar ubanka tana ciki, ka zo ka ɗauka.»

Wasu suka yi dariya, amma ba su watse ba.

* * *

Maganar dillalin Bangkok ba ta kai ko'ina ba. Sufeto ya buga waya, aka ce mutumin yana kwance an yi masa aikin ido tun makon jiya. Dagaci kuwa shi ne alƙalin gasar roka, ɗaruruwan mutane sun gan shi yana ihu a lasifika tun safe har yamma. Da Manjo ya je wurinsa, sai ya yi ta cika masa faranti da shinkafa mai danƙo da kwaɗon gwanda, yana cewa, «Manjo, ka rubuta musu abin da suke so, a gina mana zauren nan. Tarihi ai kowa ya san shi.»

Gidan Malam Sawai na katako ne a kan dirkoki, mafi tsafta a layin. Shi ne shugaban makaranta, kuma jikan Saje Phin. Dogo ne mai sanyin magana, biro a aljihu. Ya tarbi Manjo da haɗa tafuka, ya hau da shi sama.

«Ban yi barci ba,» in ji shi. «Baba Liam shi ya koya mini iyo. Duk wanda ya yi masa haka...» Bai ƙarasa ba.

«Kana fadama jiya?»

«Ina can da ɗalibai. Na ɗan dawo da rana na ba Inna maganinta.»

Innar tana zaune a tabarma kusa da taga, ƙanƙanuwar tsohuwa mai aski irin na da, tana daka mak, irin goron da suke taunawa, a ɗan turminta, bakinta ja. Kaka Buaphan ke nan, 'yar Saje Phin tilo. Manjo ya russuna ya gaishe ta.

«Kaka, kin san mahaifinki kuwa?»

«Ina jaririya ya rasu,» ta ce, ba ta ɗago ba. «Haka ake faɗa.»

A kan shiryayyen ibada, tsakanin turare da furanni, akwai hoto a firam. Manjo ya nemi izini ya ɗauko shi ya kai bakin taga. Wani saurayi ne da hular fata, an rataya masa furanni a wuya, yana tsaye gaban jirgi. Ya fito da gilashinsa mai ƙara girma. Ga facin nan mai kusurwa uku a murfin injin. Jikin jirgin ya tafi dama, sai hoton ya ƙare daidai inda wutsiya za ta fara.

«Irin wanda aka sace a wat ne?»

«Shi ne, guda biyu aka wanke,» in ji Malam Sawai. «An ɗauka ranar da zai tashi da maganin.»

«Wutsiyar ba ta fito ba.»

«Haka mai hoton ya ɗauka.»

Manjo ya ƙara matso da gilashin. Kwalin da aka manna hoton a kai ya koɗe, ya yi launin ƙasa. Amma a gefen dama akwai wani dogon ziri, faɗin yatsa biyu, fari tas, wanda rana ba ta taɓa gani ba. Bakin hoton na wannan gefen ma fari ne, sauran ukun sun yi rawaya. A kusurwar ƙasa akwai tambarin shagon da ya ɗauka.

Ya mayar da firam ɗin wurinsa da hannu biyu. Tsohuwar ta daina daka, tana kallonsa.

«Na gode, Malam,» ya ce. Ya sauka daga matakala ransa ba daɗi. Ya so mutumin tun kallon farko.

* * *

A ɗakin baƙi na wat ya buɗe akwatinsa ya baza hotuna a ƙasa. Bai sha wuya ba. Ga hoton jirgin da ya kai magani yankin nan a shekarar annoba: yana da wani tozo a bayan matuƙi, inda ake kwantar da majinyaci. Manjo ya san ƙarshen wannan jirgin. Ya tsufa lafiya lau, aka kai shi filin wata makaranta yara suna hawa. Na rumfar ba shi da tozo.

Ya ci gaba da tonawa har ya kai ga wani hoto da ya saya a hannun gwauruwar wani makanike. Jirage ne a jere a filin soja, a makon da wani ɓangaren sojoji ya yi wa sabuwar gwamnati tawaye, shekaru goma da wani abu bayan annobar. Na uku a layin yana da faci mai kusurwa uku. A ƙarƙashin cikinsa an rataya abubuwa biyu-biyu. Wutsiyarsa ta ɓuya a bayan na kusa da shi.

Akwai wani hoton kuma a cikin ambulan ɗaya da wannan. Ya zaro shi rabi, ya mayar.

Da safe ya shiga motar farko zuwa garin lardi. Shagon da tambarinsa ke jikin hoton yana nan, sai dai yanzu hotunan fasfo da na aure ake yi. Mai shi wata mace ce 'yar asalin Sin, Yaya Kim, jikar wanda ya kafa shi. Manjo ya tambaye ta gilasan da ake ɗaukar hoto a kansu a da.

«Gilasan kakana? Suna sama, ɓeraye na gadinsu. Mijina ya ce mu zubar, na ce shi zan fara zubarwa.»

Suka wuni suna ɗaga gilasai zuwa hasken taga, fuskoki baƙaƙe da gashi fari suna wucewa: amare, 'yan sanda, wani mutum da damisar da ya harbe. Rana ta karkata Yaya Kim ta ce, «Ga wani mai fiffike.»

Manjo ya karɓa. Saje Phin ne da furanninsa, ga jirgin cikakke har wutsiya. Ya ɗora gilashinsa a kan wutsiyar: lamba goma sha bakwai. A gefen gilashin mai hoton ya karce shekarar da ya ɗauka da tsinin allura. Shekarar da ta gabaci tawayen ce.

Shekara da shekaru yana neman mai lamba goma sha bakwai. Ya bi shi tun yana sabo, ya bi shi yana kai wasiƙu, ya gan shi da ƙafa a karye an ɗora shi a wagon jirgin ƙasa. Daga makon tawaye sawunsa ya ɓace. Ya sha yin tunanin ranar da zai same shi, yadda zai yi murna. Ya zauna a kan wani akwati.

«Lafiya, Manjo? In kawo maka shayi?»

«Wanke mini shi, Yaya. Babba.»

* * *

Tun daga nesa ya hango hayaƙi. Shagon Binh ya zama toka, ƙarafa sun lanƙwashe. Sufeto yana tsaye a gefe, hularsa a hannu.

«Baba Liam ya cika da hantsi,» ya ce. «Labarin na isowa suka taso. Da ƙyar na fitar da Binh da iyalinsa, suna ofishinmu. Tsohuwarsa sai kuka take da yarensu.»

«Da ban tafi ba...»

«Da ka tsaya ma ba abin da za ka hana. Ka samo wani abu?»

«Tara mini kwamiti a zauren wat. A zo da Binh. A ce wa Malam Sawai ya taho da mahaifiyarsa, da hoton nan na gidansu.»

Ba kwamiti kaɗai ya zo ba, rabin gari ya cika harabar. Luang Pho na zaune a kan dandamalinsa, sauran a tabarmi. Binh ya zauna a bayan Sufeto, ba ya kallon kowa.

Manjo ya fara a hankali. «Wanda ya shiga rumfar nan bai zo sata ba. Ya bar abin da ake saye, ya yanke abin da ake karantawa. Mutum biyar ne suka san akwai lamba a wutsiyar. Ɗaya ya rasu.»

«Saura mai walda!» wani ya yi ihu daga waje.

«Mai walda shi ya tona lambar. Wa ke tona abu da safe ya binne da yamma?» Ya miƙa hannu. «Malam, ara mini hotonka.»

Malam Sawai ya miƙa. Manjo ya kai wa Luang Pho, ya nuna masa farin zirin. «Luang Pho, kwalin nan ya fi ni shekaru. Dubi nan. Ko wata ɗaya wurin nan bai yi a buɗe ba. An rage hoton da reza kwanan nan. Binh bai taɓa hawa gidan ba, balle ya kai hannu shiryayyen ibadarsu.»

Sannan ya warware babban hoton da Yaya Kim ta wanke, ya ɗaga. Mutane suka miƙa wuya. Ya zaro hotuna biyu daga ambulan, ya mayar da ɗaya, ya ajiye na jerin jiragen a gefensa, ya nuna facin a nan, ya nuna a can.

«Jirgi ɗaya ne, shi ne kuma ke rumfarku. Shekara goma bayan annoba yana tashi, Saje Phin yana tuƙa shi. Bai taɓa ɗaukar magani ba. Ramukan da ke cikinsa na rataya bom ne.»

Zauren ya kaure. Dagaci Bunmi ya miƙe yana nuna shi da yatsa. «Mun ba ka abinci, ka zo ka zage mu! Wa ya san inda ka samo takardun nan?»

«Zauna, Bunmi.»

Muryar ba ta da ƙarfi, amma ta ratsa. Kaka Buaphan ce. Ta tofar da jan yawu a gwangwaninta, ta goge baki.

«Zauna, ubanka ma yana cikin waɗanda suka ɗauki fiffiken nan a ka. Ni ba jaririya ba ce, na isa ɗaukar ruwa. Da rana tsaka ya faɗo a gonar Kawu Sa. Ya fito da ƙafarsa, yana rawar jiki kamar mai zazzaɓi. Da safen ranar an aike shi ya jefa wa jirgin ƙasa na sojoji bom. Ya jefa, bom ɗin ya sauka a kasuwar tasha. Ya zagayo ƙasa-ƙasa ya gani da idonsa. Da aka sake loda masa aka ce ya koma, sai ya juyo gida, ya zubar da su a tafki. Waɗanda suka aike shi za su harbe shi, waɗanda suka ci yaƙin za su ɗaure shi. Dattawa suka kwance jirgin suka ɓoye a wat, suka shafe lambar. Duk wanda ya tambaya a ce ya mutu tun shekarar annoba. Ya zauna a bukka cikin daji, ni da Liam muke kai masa shinkafa, har zazzaɓi ya ɗauke shi. Ƙarya ce muka yi don mu tsare ran mutum. Ba mu san za ta girma a yi mata makaranta ba.»

Ta gyara zama ta ci gaba.

«Da aka ce ga mai duba hotuna zai zo, na gaya wa ɗana, don kada ya ji a bakin baƙo.» Ta juya gare shi. «Ban ce ka je ka taɓa kowa ba, Sawai.»

Malam Sawai ya zare biron aljihunsa, ya ajiye a tabarma, kamar wanda ya gama aiki.

«Shekara nawa ina tsayar da yara a rana suna rera sunansa,» ya ce. «Na ce in lambar ta tafi, shi ke nan. Ina cikin yanka Baba Liam ya shigo. Ya ce, “Ɗana, bar shi, ni zan faɗa wa Manjon da bakina.” Ya kama yadin, na fizge. Ya tafi da baya. Na ji yana numfashi. Na ce wani zai zo ya gan shi. Na koma fadama na raba wa yara kyauta.»

«Ka bar shi kwance tun rana har yamma,» in ji Luang Pho.

«Na bar shi, Luang Pho.»

Binh ya ɗago kai a karo na farko. «Malam, 'yata tana ajinka. Kana ji suna kirana ɓarawo. Kana gani suka ɗauko fetur.»

Malam Sawai ya kawar da ido daga kan Binh. Ya juya ya sunkuya har goshinsa ya taɓa ƙafar mahaifiyarsa. Ba ta dafa kansa ba. Sufeto ya jira ya ɗago, sannan ya kama shi a gwiwar hannu. Jama'a suka dare, ba zagi, ba jifa. Saurayin nan mai jan ƙyalle ya cire shi daga kansa ya cusa a aljihu.

* * *

Washegari ba wanda ya raka Manjo tasha. Mai shayin da ta yi ta jansa da hira ranar da ya zo ta juya masa baya. A hanya ya ga Binh yana tsintar abin da ya rage a toka, wasu maza biyu na taya shi, ba sa magana da juna. An ce zai koma wurin ɗan'uwansa a bakin kogi. Maganar zaure kuwa ba wanda ya sake tayar da ita.

Yana zaune a benci da akwatinsa sai ga Kaka Buaphan tana dogara sanda, ta sa farar riga, da ɗan ƙunshi a hannu. Ta zauna kusa da shi tana haki.

«Kaka, ki yafe mini. Na raba ki da ɗanki.»

«Shi ya raba kansa.» Ta nuna akwatin da haɓa. «Jiya biyu ka fitar daga ambulan ɗin nan ka mayar da ɗaya. Idona bai mutu ba. Na kasuwar ne?»

Manjo ya gyaɗa kai. «Wani ɗan jarida ne ya ɗauka. Ba abin kallo ba ne.»

«Ba ni.»

Ya ba ta, ya ba ta gilashin. Rumfuna ne a rushe kusa da layin dogo, an jera mutane an lulluɓe su da tabarmi, ƙafafu a waje. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya. A wajen ƙarshe ta tsaya. Wata lema ce ta takarda a kife, ayaba a warwatse kewaye da ita.

«Ga ta,» ta ce. «Kullum sai babana ya yi maganarta. Ya ce mai sayar da ayabar ta ɗaga lemar tana kallonsa, tana yi masa hannu. Na zaci zazzaɓi ne ke sa shi.»

Ta daɗe a kan wurin. Motar ta iso tana huci, yaron mota yana kiran Korat.

«Garin da kasuwar take yana nan har yanzu?»

«Yana nan, Kaka. Sai an sauka a Korat a shiga jirgin ƙasa.»

«Akwai wat a kusa da tashar?»

«Ba za a rasa ba.»

Ta miƙa masa hoton, ta ɗaga ƙunshinta. Ta bakin ɗaurin ya hango kyandir da turare da sabon mayafin malamai mai ruwan lemo.

«Ban san sunan ko ɗaya ba,» ta ce. «Malaman can sa san yadda ake yi wa marasa suna addu'a. Kama ni, matakalar nan ta yi mini tsawo.»

Manjo ya ajiye akwatinsa a ƙasa, ya tallafe ta da hannu biyu ta hau.